Daddawa Ba Ta Son Hannun Maza

Duk wanda ya saba tsayawa cin abinci a bakin titin Kankia, a hanyarsa ta Kano ko Katsina, da wuya a ce bai taɓa ci daga hannun yayata ba. Rumfarta ce ta uku in ka baro inda bas ke sauke fasinja, mai labulen buhu da benci biyu. Tuwon shinkafa take yi da miyar taushe, da rana kuma dafa-duka da soyayyar kaza. Direbobi kan wuce rumfuna biyun da ke gabanta kamar ba su gan su ba, su zo su zauna, ta zuba musu abinci ta haɗa musu da baƙar magana, su cinye duka biyun suna dariya. Wani ya taɓa yi mata ƙorafi wai naman yau ya yi ƙanƙanta, ta ce masa kazar ce ta ji labarin shi zai ci, ta rame don baƙin ciki.

Gara in faɗi abin da mutanen garin suka sani tun yanzu. Namiji aka haifi Yaya. Rago aka yanka aka raɗa mata sunan maza, kuma har yau riga da wando take sawa in za ta fita, sai dai ta ɗaura zane a kansu in tana gindin murhu. Ɗan daudu mutane ke cewa, wasu da wasa, wasu da tofar da yawu. Ita kuwa ta taɓa gaya min, muna tsince shinkafa, cewa ba kwaikwayon kowa take yi ba. Tun da ta yi wayo mace take jin kanta, ta yi azumi ta yi roƙo a cire mata abin daga rai, ba a cire ba. A ranar dai ci gaba na yi da tsintar tsakuwa. Amma tun daga nan "ke" nake ce mata in muna mu biyu, kuma haka zan kira ta a wannan rubutu. Wanda abin bai yi wa daɗi ba ya yi haƙuri, yayata ce ba tasa ba.

A Mawashi muka tashi, cikin ƙasar Kusada, gidan manoma. Shekara huɗu ta ba ni. Ita ta fara yi min kitso, ita ta koya min ɗaurin ɗankwali, kuma in Sallah ta matso ita ke kwaɓa lalle, 'yan matan unguwa su jeru a tsakar gidanmu da ƙafafu a miƙe. Mahaifinmu ya rasu muna ƙanana, gidan ya koma hannun ƙanensa, Baffa, mutum mai son a ce ya iya riƙon gida. Ya ɗauki gyaran Yaya kamar wasiyyar da aka bar masa, kuma da igiyar shanun huɗa yake gyaran. Abin haushi, a gona ta fi 'ya'yansa noma, tana gama kunya biyu kafin su kai ƙarshen ɗaya. Amma da an dawo gida sai ta wanke ƙafa ta karɓi muciya daga hannun Inna, mahaifiyarmu, shi ke nan an koma gidan jiya.

Ranar da ya gan ta cikin mata a wani biki, da kwalli a ido tana raba musu waina, ya yi mata dukan da sai da aka kwana uku ana gasa mata jiki, ya kore ta, ya kuma rantse ba za ta sake taka zauren gidan ba. Shekararta ashirin a lokacin. Inna ba a saba jin muryarta a gaban maza ba, amma da hannunta ta ƙulle mata tukunya ɗaya da ludayi a tsumma. Da wannan tukunyar aka fara rumfar Kankia.

Ni ma daga baya aure ya kawo ni Kankia, gidan wani mai gyaran babura, mutum mai haƙuri. Ya kuwa buƙaci haƙurin, don ni girki bai karɓe ni ba. Duk hannun Inna Yaya ta kwashe, ni aka bar ni da baki. Watannin farko, kullum da la'asar sai in zura hijabi in bi ta bayan rumfa da kula a hammata, Yaya ta cika min ita da miya tana min tsiya, wai ita ke riƙe da mijin, ni gadin ɗaki kawai nake. In dawo in juye a tukunyata in ɗora a wuta, har da fifita, in yi gumin ƙarya. Maigidan ya ci ya yi santi, ni kuwa in sunkuyar da kai irin na amaren kirki. Sai da muka shekara ya gaya min tun lomar farko ya gane, don shekara biyar ya yi yana cin miyar nan a tasha kafin ya san ni, kuma a cewarsa rabin dalilin da ya sa ya neme ni ke nan. Na yi fushin kwana biyu, na huce da na tuna ba ni da wani girkin da zan hora shi da shi.

Ba mu kaɗai ke bi ta bayan rumfar ba. Matan manyan garin, in biki ya taso musu, ita suke aika wa ta zo ta tsaya a kan tukwane, a sha yabo a ce uwar amarya ta iya. Washegari su haɗu da ita a kasuwa su ja mayafi su kau da kai. Ni abin ƙona min rai yake, ita kuwa ko a jikinta, sai ta ce bar su, kowacce na san adadin gishirin da take sata ta ƙara a bayan idona.

Haka muke zamanmu har shekarar da rumfar ta tsone wa wasu samari ido. Da rana tsaka suka zo, ana tsakiyar ciniki. Ba zan tsaya lissafa duk abin da suka yi ba. Sun kifar da tukwane, sun yaga zanen da ke jikinta, sun sa ta tsallen kwaɗo a cikin miyar da ta zube, ɗayansu yana ɗauka da waya. Mutanen da suka ci tuwonta shekara da shekaru suna tsaye, wasu sun kau da kai, wasu na dariya. Direbobi biyu ne suka ƙwace ta da ƙyar. Kafin magariba hoton ya zaga wayoyin gari, har wata maƙwabciyata ta shigo tana nuna min, wai ba ta gane ko wane ne ba.

Maigidana ya ɗauko ta a babur ya kawo ta gidanmu, ya ce ɗakin da ke kusa da zaure nata ne har ranar da ta ga dama. Raunin jiki bai yi mako biyu ba ya warke. Sauran ne ya ƙi. Yayata mai bakin da ba ya hutu ta yi shiru. Ta toshe tagar ɗakin da kwali. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai ta zabura ta manne da bango. Abinci in na kai, haka zan dawo in ɗauke shi, sai dai ta kurɓi koko. Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Har girkina na ajiye mata a gaba da gangan, wanda ya fi kowanne ƙonewa, ko za ta zage ni. Ta dube shi ta ce an gode. Ranar na san abin ya kai inda ya kai.

Maƙwabta suka ce iska ce, aka kawo hayaƙi, aka kawo rubutu, ta sha ba musu. Wata safiya ta ce min, a hankali kamar mai maganar farashin gero, da za ta kwanta ba ta tashi ba da kowa ya huta. Daga nan ban ƙara sauraron kowa ba. Muka kai ta asibiti a Katsina, ɓangaren masu ciwon damuwa. Wata ma'aikaciyar jinya, babbar mace mai tabarau, ta zauna da ita fiye da awa ɗaya, ba ta tambaye ta me ya sa take tafiya haka ko magana haka ba. Likita ya rubuta magani ya sa mana ranar dawowa. Matar ta ja ni gefe ta ce ciwo ne kamar hawan jini, ana shan magani ana samun sauƙi, amma abu biyu ke wuyana: kada in bar ta ita kaɗai, kuma in nemo mata abin da hannunta zai riƙa yi. Na biyun ne ya gagare ni, don ko murhu ba ta son gani. Maganin ya sa ta fara barci, amma Yayar da na sani ba ta dawo ba, kuma tsorona kullum shi ne wata rana in tura ƙofar nan in tarar na makara.

Ana cikin haka aka aiko daga Mawashi cewa Inna ta zame a bakin rijiya ta karye a hannu. An yi ɗori, amma ga buhu biyu na kalwa a ɗaki, 'ya'yan ɗorawar da ta tara tun farkon bazara, damina kuma ta ƙarato. Daddawa ce sana'ar Inna, ita take kaiwa kasuwar Kusada, kuma in ruwa ya sauka ba a shanya ba, aikin shekara ya tashi a banza. Ni aka ce in zo. Ni, da ko ruwan zafi zan dafa sai na yi addu'a. Ba halin in bar Yaya, don haka na ce mata ta shirya. Ta ce Baffa ya yi rantsuwa. Na ce ya yi kaffara, ai yana da gero.

Shekara goma sha biyu rabonta da zauren nan. Baffa na zaune a ciki muka iso, ya ga wadda ke bayana, ya miƙe. Ban san abin da zai faru ba da Gwaggo ba ta leƙo ba. Gwaggo yayar mahaifinmu ce, ta girmi Baffa nesa. Aure biyu ta yi, duka mazan suka riga mu gidan gaskiya, ta dawo gida ta zauna, kuma tun daga ranar ko kaza ba ta yin ƙwai a gidan sai da izininta. Ta dubi Yaya, yadda ƙashin wuya ya fito ido ya faɗa, ta ce wa Baffa marar lafiya ba ya cikin rantsuwa, ya matsa. Ya matsa, amma ya ce ranar da aka gama daddawa, ranar za a bar masa gidansa. Inna ta shimfiɗa wa Yaya tabarma a ƙuryar ɗakinta, ta shiga ta kwanta ta juya wa ƙofa baya.

Washegari Gwaggo ta kafa dokar da kowa a gidan ya sani amma take son maimaitawa. Daddawa ba ta son hannun maza. Namiji ya faso itace, ya ɗebo ruwa, wannan ba laifi. Amma daga lokacin da aka sauke kalwa a dahuwa ta biyu, aka zuba ta a kwando aka rufe don ta nuna, ko inuwarsa ba a so. In ya taɓa, ko ya ɗaga buhun ya leƙa, ta lalace. Tana da hujja kuwa. Shekarar da Baffa yana saurayi ya buɗe kwandon kakarmu yana neman wuƙarsa, daddawar ta yi tsami aka zubar, kuma shekara arba'in ke nan ba ta yafe masa ba. Ta nuna ƙofar ɗakin Inna da haɓa, ta ce wancan ma, ko me yake ji da kansa, ya tsaya inda yake.

Aikin kalwa ba na raggo ba ne. Ta wuni ta kwana a wuta, ana ƙara ruwa ana ƙara itace, har ɓawon ya yi laushi. Sannan a zuba a turmi da toka a surfa, a kai bakin rijiya a wanke, a cuɗa, a yi ta zubar da baƙin ɓawon har 'ya'yan su fito fes. A sake dafawa da 'yar kanwa. Duk wannan na yi, Gwaggo na kan kujera 'yar tsugunno tana ba da umarni da sanda, Inna na kallo da hannu a rataye. Da aka zo rufewa tururi ya ƙona min yatsu, na tsaya ina hurawa ina mita, wayata ta yi ƙara na je na amsa, na dawo na rufe. Kwana uku muka jira. Da Gwaggo ta ɗaga buhun, abin da ya bugo mu ba warin daddawa ba ne, wani ɗoyi ne mai tsami wanda ko awaki sai da suka ja da baya. Buhu guda ya tafi juji.

Kowa ya san ni ce, har da ni. Amma Gwaggo ta ce a'a, ɗakin da aka ajiye kwandon bango ɗaya ne da inda namiji ke kwana, daddawa kuwa tana ji. Da ƙarfi ta faɗa, a tsakar gida, na kuma ga labulen ɗakin Inna ya motsa. Raina ya ɓaci har na fara mayar mata da magana, Inna ta taka min ƙafa. Ranar Yaya ko kokon ma ba ta sha ba. Na zauna kusa da ita ina zagin kaina a zuci, da na kawo ta inda har laifin kalwa za a ɗora mata.

Buhu ɗaya ya rage. Na sake ɗora tukunya. Ranar surfe aka yi rasuwa a dangi a Rimaye, Gwaggo ta tafi gaisuwa ta ce sai an yi sadakar uku za ta dawo, ta bar min dokoki cike da kunne. Ina cikin aiki, haushi ya sa nake dukan kalwar kamar ita ta yi min laifi, sai na ji murya daga bayan labule.

"Ke, surfe aka ce ki yi, ba gari ba. Za ki farfasa ta."

Na tsaya da taɓarya a sama. Wata uku ban ji wannan muryar ba, mai ɗauke da raini. Daɗi ya kama ni, amma na san in na nuna za ta koma. Sai na ƙara ƙarfin dakan, na ce wanda ya iya ya fito ya yi. Na buga uku, na buga huɗu. A na biyar labule ya ɗaga. Ta fito tana kare ido daga rana, ta karɓe taɓaryar ba ta ko dube ni ba, ta ce Allah ya isa tsakaninta da wanda ya aurar da ni ba a gwada ni ba.

Da farko takan tsaya ta huta. Amma a hankali hannun ya faɗa. Tana saukewa tana juyawa, ɓawon na sulluɓewa, 'ya'yan na nan lafiya lau. A bakin rijiya ta sa na wanke sau huɗu, ta ce wankina irin na mai saurin zuwa biki ne. Inna ta jawo tabarma ta zauna kusa, ta shiga ba mu labarin wa ya auri wa, wa ta fita, wa ya sayar da gona ya sayi babur ya faɗi da shi a makon, Yaya na sa baki da "ashe" da "ai na san za a rina". Da azahar Yaya ta yi salla ta ci rabin kwanon ɗumame ba tare da an ce ta ci ba. Na juya baya na yi kamar ina gyara itace, don kada ta ga fuskata.

Da aka sauke dahuwa ta biyu sai ta ajiye ludayi ta ja da baya. Ta ce daga nan nawa ne, ita ba za ta taɓa ba, kada a ce. Na dubi Inna. Inna, wadda ban taɓa ganin ta karya dokar kowa ba, ta ce da Yaya a hankali:

"Ruhe min kalwata. Kai ka san yadda nike so."

Abin da na gani ya ba ni mamaki. Ba ta tambayi inda komai yake ba. Ta tsiyaye ruwan tas, ta shimfiɗa ganye a kwando, ta juye kalwar da zafinta, tururi na dukan fuskarta ko gezau. Ta barbaɗa 'yar toka da yatsu uku, ta rufe, ta danne da buhu biyu ta ɗora dutse, duk kafin in gama neman tsumman riƙe tukunya. Ta ce sirrin ke nan, kada ta sha iska, tawa tun ina amsa waya ta mutu. Na ce a ina ta koya. Ita da Inna suka dubi juna.

Kwana ukun nan ta kasa zama. Ta kwance min kai ta yi min kitso, ta ce bai yi ba ta sake. Takan je ƙofar ɗakin da kwandon yake ta tsaya ta shaƙi iska ta dawo. A rana ta biyu ta ce min in ta lalace, to Gwaggo ta yi gaskiya, ita ce mai ɓata duk abin da ta raɓa, kamar yadda aka daɗe ana gaya mata. Na ce ai kalwa ce kawai. Ta ce a wurina ne take kalwa kawai. Nan na gane abin da ke cikin kwandon ya fi buhun kalwa, tsoro ya kama ni, na shiga roƙon Allah a kan daddawa kamar mai roƙon haihuwa.

Da hantsin rana ta uku Gwaggo ta dawo. Ko mayafi ba ta cire ba ta wuce ɗakin, ta kore kowa baya, ta yi bismilla ta ɗaga buhu. Warin ya fito ya cika gidan, mai ƙarfi mai nauyi, irin wanda ke sa baƙo toshe hanci ɗan gida kuma ya ji yunwa. Ta sa yatsa ta ɗago, 'ya'yan sun yi duhu sun yi laushi, yauƙi na bin yatsan kamar zare. Ta murza, ta shinshina, ta ɗanɗana. Ta ce rabon da ta ga irin wannan a gidan nan an fi shekara goma, ta Inna ma, ba cin fuska ba, 'yan shekarun nan sai a hankali. Ta juyo ta shiga sa min albarka, tana cewa kun ga amfanin kiyaye doka. Har ta aika a kira Baffa, ya tsaya daga nesa ya ji ƙamshin abin da ya taɓa ɓatawa.

Na so in karɓi yabon, don ban taɓa samun irinsa ba kuma na san ba zan ƙara ba. Ina cikin sunkuyar da kai Inna ta yi gyaran murya.

"Ba ita ta ruhe ba," in ji ta. "Wanda ya ruhe wannan shi ya ruhe waccan da kike tunawa. Tun shina ɗan shekara tara shi ke ruhe min, in kin tahi kasuwa. Shekarar da aka kore shi, shekarar daddawata ta lalace. Ke da bakinki kin sha hwaɗi."

Yaya na tsaye a bakin ƙofa riƙe da labule, na matsa kusa da ita. Baffa ne ya fara magana, daga inda aka tsayar da shi. Dariya ya yi, ta mutumin da ya daɗe yana jiran ranarsa. Ya ce to ga shi nan, camfi ne, ƙato ya rufe daddawa ta nuna, sai a wanke shi daga laifin kwandon kakarmu. Sannan tunda aiki ya ƙare, baƙi su kama hanya.

Gwaggo ba ta dube shi ba. Ta daɗe tana kallon yatsanta. Ni na ɗauka tsohuwar ta rasa ta cewa ne, har na fara tausaya mata, don ba daɗi mutum ya wayi gari a ce abin da ya riƙe tun ƙuruciya ƙarya ne. Ashe tunani take. Ta sake ɗanɗanawa, ta goge yatsan a zane.

"Ni dai tun ban kai turmi tsawo ba nike aikin kalwa," ta ce. "Ban taɓa ganin ta nuna a hannun namiji ba. Uwata ba ta gani ba, kakata ba ta gani ba. Kai ka taɓa, ta ruɓe. Wannan hannu ya taɓa, ta nuna. To mi kake so in ce? Daddawa ta yi ƙarya?"

Baffa ya buɗe baki, ta ɗaga masa sanda. Ta ce aiki bai ƙare ba, akwai shanya, akwai kirɓi, ga na baɗi, ga na baɗin baɗaɗa, ita kuma ba za ta ƙara shan miyar lami a gidan ubanta don rantsuwar wani ba. Ta ce ya fita, ya yi kusa da kwando. Ya fita. Har yau da ka yake amsa gaisuwar Yaya, ba da baki ba, amma geron kaffara a makon aka auna shi, a gabana.

Ba zan ce daddawa ta warkar da yayata ba. Har yanzu tana shan maganinta, muna komawa Katsina in ranar ta zo, kuma akwai ranakun da take sake toshe taga. Rumfar Kankia sai bayan damina ta buɗe ta, rabin wuni, maigidana kuma ya dawo da bencin gyaransa kusa da ita. Amma tsoron tura ƙofa a makon daddawar nan ya bar ni, kuma na san ranar da ya tafi.

Ranar kirɓi ce, bayan kwana biyu ana shanya. An kirɓa daddawar ta haɗe ta yi baƙi, matan gidan suka zauna a inuwar ɗakin Inna ana mulmulawa ana faɗaɗa ta da tafin hannu, zaman da ba a taɓa kiran namiji ba. Yaya ta tsaya daga gefe riƙe da faifai, ba ta san ko ta zauna ba. Gwaggo ta muskuta a tabarma, ta buɗe wuri tsakaninta da Inna, ta buga wurin da tafin hannu sau biyu ba tare da ta ɗaga kai ba. Yaya ta zauna. Ta gutsuro ta fara mulmulawa, nata na fita daidai wa daida, nawa kuwa kowanne da irin kamarsa. Can na ga hawaye na gangaro mata, ga hannuwa biyu duk daddawa, ba halin sharewa. Ta yi ta ƙoƙari da kafaɗa. Gwaggo ta ajiye na hannunta, ta kama bakin zanenta, ta riƙo haɓar Yaya ta goge mata fuska da ƙarfi, yadda ake goge wa yaro majina.

"Kar ki ɗiga min a ciki, ɗiyar nan," ta ce. "Ba a sa mata gishiri yanzu."